Yadda Ake Zaɓar Manhajar Majigin Coci Ba Tare da Sanin Komai Ba

Gyara zama, ɗan'uwa, ka faɗo hannun da ya dace. Idan dattawan cocinku sun sayi majigi sun rataye shi a rufi, sun kafa farin allo bayan mumbari, yanzu kuma suna waige-waigen wanda zai zaɓo manhajar da za a riƙa haska waƙoƙi da bidiyo da ita, to kakarka ta yanke saƙa. Alkawari nake yi maka: in ka bi matakan nan tiryan-tiryan, ba ka tsallake ko ɗaya ba, kafin wata uku za ka samu kujera a ƙarƙashin fanka, za a riƙa kiranka Injiniya, kuma ikkilisiya ba za ta manta da kai ba har jikoki. Ni ganau ne, ba jiyau ba. Sana'ata buga katunan biki da kalanda, ban taɓa leƙa ajin kwamfuta ba, amma har yau in na ratsa harabar coci sai an taɓa juna an nuna ni da baki.

Mataki na ɗaya: Kada ka nemi aikin, bari aikin ya neme ka

Wanda ya ɗaga hannu an raina shi ke nan. Kai gyaran murya za ka yi.

Ranar da aka yi namu zaman, Baba Fasto, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kiwon mu, ya tsayar da jama'a bayan sujada ya ce, “'Yan'uwa, majigi ya hau. An ce sai da wata manhaja yake aiki. Wa ya san kan abin nan?”

Sakatariyar coci ta miƙe. Malamar makaranta ce, irin mutanen nan da ke zuwa taro da takarda a hannu. Ta fara bayani tsaf, wai ta bincika, akwai iri uku da za su dace da mu. Na bari ta kai tsakiya, sai na gyara murya, na girgiza kai a hankali, na ce, “Hmm. Ya danganta.”

Kowa ya waiwayo.

“Ya danganta da me?” in ji ta.

“Da abubuwa da dama,” na ce, na dubi rufi.

Shi ke nan. Wani dattijo ya ce ai bawan Allahn nan kullum yana gaban kwamfuta a shagonsa. Ba wanda ya tambayi abin da nake yi a gabanta. Kafin addu'ar rufewa na zama shugaban kwamiti. Riƙe wannan: mai bayani ana kama shi da kuskure, mai girgiza kai kuwa ba a taɓa kama shi ba.

Kwamitin mutum uku ne: ni, da Sakatariya, da uwar mawaƙa. Nan kaɗai aka yi mini tsiya, domin uwar mawaƙa yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara ashirin da takwas tana jan mawaƙa da wani tsohon littafin rubutu mai bangon leda. Ita ta goye ni, kuma ba ta bari in manta.

“Kai ne shugaba?” ta ce da ni a bakin ƙofa. “Kai da ba ka san baiti na biyu na kowace waƙa ba?”

“Ai shi ya sa aka sayi majigi, Yaya.”

Mataki na biyu: Yi shigar masana

Ilimi shekaru yake ci, shiga kuwa minti goma ce. Nemi jakar ratayawa, ko da tsofaffin wayoyin caji ne kawai a ciki. Rataya tabarau a wuya da igiya. Uwa uba, sayi ɗan abin kunnen nan marar waya da ake kira bulutut, ka haɗa shi da kwamfutarka, ka maƙala shi a kunne ɗaya, kada ka cire ko ana addu'a. In wani ya tunkaro ka da tambayar da ba ka da amsarta, ɗaga masa yatsa ɗaya, ka dafe kunnen. Zai juya yana ganin girmanka.

Sannan zaɓi mazauni. Ka ce dole teburin kwamfuta ya zauna can baya, jikin bango, daidai ƙarƙashin fankar da ta fi ƙarfi, saboda kwamfuta ba ta son zafi. Gaskiya ne, ba ta so. Kai ma ba ka so. A wannan kujera ba a miƙewa in ana waƙa, kuma in wa'azi ya yi tsawo ka sunkuyar da kai, kowa zai ɗauka aiki kake yi.

Mataki na uku: Kashe tambayoyi masu amfani tun suna ƙwai

Kowane kwamiti yana da mutum ɗaya da yake so a yi aikin da gaske. Gano shi da wuri, shi ne abokin gabanka. Namu Sakatariya ce. Zamanmu na farko a ɗakin dattawa, ta buɗe takardarta.

“Na ɗaya, tsofaffin da ke bencin baya za su iya karanta rubutun?”

“Su dawo gaba.”

“Tana rubuta haruffanmu masu lanƙwasa?”

“Malama, abin da ya iya haska bidiyo ne zai kasa lanƙwasa harafi?”

“In uwar mawaƙa ta koma amshi ba zato, ana iya tsallakawa can da taɓawa ɗaya?”

“Sai Yaya ta daina komawa ba zato.”

Yaya ta ɗago ido daga littafinta, ta dube ni, ta mayar. Na san wannan kallon tun ina ɗan shekara huɗu.

“Na ƙarshe,” in ji Sakatariya, “in ba ka da lafiya, wani zai iya koyon ta cikin yini ɗaya?”

Wannan ita ce tambaya mai dafi. Manhajar da kowa zai iya koya ta kori Injiniya tun bai zauna ba. Kada ka amsa, ji haushi za ka yi. Na dafe ƙirji na ce, “Haba Malama, a ɗakin Allah za ki yi mini fatan ciwo?” Ta shiga ba ni haƙuri, lokaci ya ƙare, aka tashi.

Mataki na huɗu: Cikin uku, ɗauki mai kwalliya

Ba zan faɗi sunayensu na gaskiya ba, kada a ce talla nake yi musu. Ga sunayen da muka laƙaba musu.

Ta farko Baiwar Allah, don ba ruwanta. Baƙin allo, farin rubutu manya-manya, maɓalli huɗu kacal: gaba, baya, amshi, bidiyo. Sakatariya ta koya wa Yaya ita cikin minti biyar, Yayar da ko saƙon waya sai an buɗe mata. Da na ga haka na san ba ta da wani amfani.

Ta biyu Jirgin Sama, saboda fuskarta kamar gaban matuƙin jirgi, maɓallai sun fi ɗari. Na so ta ƙwarai, domin ba mahaluƙin da zai iya ƙwace mini ita. Sai dai na taɓa wani wuri, kwamfutar ta suma rabin sa'a. Da ta farfaɗo na sanar cewa wannan ba ta dace da ruhun ikkilisiyarmu ba.

Ta uku Mai Kurciya. Ɗan'uwa, in ka gan ta sai ka yi tafi. Duk sa'ad da ka sauya baiti, farar kurciya za ta taso daga kusurwar allo, ta kaɗa fikafikai, ta jawo sabon baitin da baki. A baya ruwa na gangarowa daga dutse. Rubutun kuwa ruwan zinariya, kowane harafi da wutsiyarsa.

Ga sirrin: kada ka kai ta gaban kwamiti, kai ta gaban dattawa. Na tare su bayan taron addu'a, na kashe fitilu, na saki kurciyar sau uku.

“Kai!” in ji babbansu. “Wannan ai tun daga masana'anta ta coci ce.”

Magana ta ƙare, gani ya kori ji. Da Sakatariya ta samu labari ta ce, “Amma ba mu gwada ta da waƙoƙinmu ba.”

“Mun gwada ta da dattawa,” na ce.

Mataki na biyar: In manhaja ta ƙi harshenku, gyara harshen

Da na zauna shigar da waƙoƙi, sai na ga duk inda harafi mai lanƙwasa ya faɗo, Mai Kurciya sai ta sa ɗan akwati a gurbinsa. Ƙaramin ma'aikaci zai koma ya gaya wa kwamiti. Kai Injiniya ne, cire lanƙwasar gaba ɗaya. Wa zai lura?

Lahadin farko, coci ya cika, ana ɗokin ganin sabon abu. Yaya ta ɗaga hannu, mawaƙa suka ɗauki wata waƙar da ke cewa mu ƙura ne, Ubangiji ne ya ba mu rai. Kurciya ta taso, ta jawo baiti, ga shi ɓaro-ɓaro da ruwan zinariya:

MU KURA NE, YA UBANGIJI.

Matasa suka fara ƙyaƙyatawa. Baƙin da ba su san waƙar ba suka rera abin da suka gani, da zuciya ɗaya. Wani mahauci da ke zama kusa da teburina ya jinjina kai ya ce, “Amin. Yau dai an faɗi gaskiya.”

Bayan sujada Baba Fasto ya kira ni gefe. “Injiniya, yaya aka yi muka zama kuraye?”

In aka ritsa ka haka, nemi darasi a ciki. Na ce, “Baba, ka lura yau ba wanda ya yi gyangyaɗi?”

Ya ce lallai bai ga ko ɗaya ba.

Mataki na shida: Laifin mawaƙa ne

Kurciyar nan tana da nata lokacin. Kafin ta taso, ta kaɗa fikafikai, ta ajiye baiti, an yi numfashi huɗu. Yaya kuwa ba ta jiran tsuntsu. In waƙa ta kama ta, sai ta maimaita amshi sau uku, ta tsallake baiti na biyu, ta dawo masa daga baya kamar wadda ta manta mayafi. Ni kuma ina can baya ina ta dannawa, kurciyoyi na karo da juna a allo. Rabin coci na bin Yaya, rabi na bin allo, tsofaffin bencin baya kuwa, da zinariyar ta hana su ganin komai, suka koma motsa kai kawai.

Kada ka yarda matsalar daga teburinka take. Na je har gidan Yaya, na same ta tana shanya wanki, na ce, “Yaya, daga yau ki riƙa rubuta mini sau nawa za ki maimaita amshi.”

“In rubuta maka?”

“Don tsari.”

Ta matse zane, ta yarfe shi har ruwan ya fantsamo mini a tabarau. “Ni kaina ban san sau nawa zan maimaita ba sai na ga fuskokin mutane. In na ga matar da ta binne miji makon jiya ta fara buɗe baki, zan tsaya ne don tsuntsunka ya gaji? Ka zo koyon waƙa ran Laraba, ka zauna ka ji. Wanda ya san waƙa, hannunsa zai san inda za ta.”

“Laraba ina da aiki a shago.”

“To ka ci gaba da kiwon kurciya.”

Lura da kyau: shawara mai kyau kusan kullum daga wurin wanda bai san kwamfuta ba take fitowa. Wannan kaɗai ya isa dalilin watsi da ita.

Mataki na bakwai: Gwaji na masu ƙaramar bangaskiya ne

Babbar rana za ta zo, kowace manhaja tana da tata. Tamu ita ce sujadar sallamar Baba Fasto, domin ya tsufa, zai ajiye aiki.

Ana saura kwana huɗu Sakatariya ta shigo shagona, ta rage murya. Ta ce ta samo bidiyo daga Auta, kuma Baba bai sani ba.

Auta ita ce 'yar Baba Fasto ta ƙarshe, ma'aikaciyar jinya a wata ƙasa mai nisa. Shekara shida rabonta da gida. Lokacin da mahaifiyarta ta rasu ba ta zo jana'iza ba. Wasu sun ce an hana ta hutu, wasu sun ce ba ta nema da ƙarfi ba. Baba bai taɓa cewa uffan ba, amma kowa ya san tun daga ranar wayarsu ba ta wuce “ya aiki, ya jiki, sai an jima”. Mutumin da ya sasanta aure sama da ɗari a cocin nan, ya kasa sasanta kansa da 'yarsa.

“Wata biyu ina lallashin ta kafin ta yarda,” in ji Sakatariya. “Ko ni ban kalla ba, na Baba ne. Don Allah, Injiniya, ran Asabar mu gwada da wani bidiyon daban, mu tabbatar sauti na fita ta lasifikokin coci. Ba mu taɓa sa bidiyo a manhajar nan ba.”

Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Magabata ba su da kwamfuta. Na ce mata, “Malama, kwantar da hankalinki. Wanda ya haska waƙa sau ɗari, bidiyo ɗaya ne zai gagare shi?” Na jefa bidiyon cikin Mai Kurciya, na ga hotonsa ya fito a jeri, na rufe.

Mataki na takwas: In abu ya lalace, ka zama na ƙarshen sani

Ranar Lahadi har bencin aro aka kawo. Baƙin fastoci a gaba, Baba a tsakiyarsu kan kujera mai hannu. Aka yi jawabai har mutane suka fara fifita da takardar tsarin sujada. Sannan Sakatariya ta karɓi makirufo ta ce, “Baba, akwai wadda ba ta samu zuwa ba, amma ta aiko.”

Na danna. Kurciya ta taso, ta jawo Auta.

Ga ta nan a allo, cikin fararen kayan aiki, zaune a bakin gado. Muryarta ta fito tar, kamar tana gefena. Na ce a raina, ina mai cewa a yi gwaji?

“Baba, ni ce Auta,” ta ce. “Ina gaishe ka, ina gaishe da ikkilisiya duka. An ce yau za ka huta. Ban san me zan ce ba. Abin da nake ta tunawa shi ne ran Asabar, yadda kake goge mana takalman zuwa coci, ka jera su a bakin ƙofa daga na babba zuwa nawa, naka kuma sai da safe ka goge shi da hannun riga, Mama tana yi maka faɗa. Har yau ran Asabar sai na goge takalmina, ko da ba inda za ni.”

Na sunkuyar da kai. Ta gefen ido na hango Sakatariya tana ɗaga mini hannu biyu. Na ɗaga mata yatsa ɗaya, na dafe kunne. Wane irin mutum ne zai yi tambaya a irin wannan lokaci?

“Ranar da aka binne Mama,” in ji Auta, “ina bakin aiki. Na gama, na shiga ɗakin ajiye magani na zauna a ƙasa. Baba, ni…”

Ta tsaya. Ta haɗiye abin da za ta faɗa, ta share ido da bayan hannu, sai kawai ta fara waƙa.

Ina cikin hawaye na ji wata murya ta biyu ta shigo, daga gaban coci. Na ɗago. Yaya ce a tsaye, ta juya wa jama'a baya, idonta ƙur a kan bakin Auta. Ita ta koya wa yarinyar waƙa tun tana 'yar shekara biyar, waƙar ma ita ta tsara ta don yara:

Ko na yi nisa, fitila na ƙofa,
Uba na jira, bai rufe gida ba.

Mawaƙa suka miƙe suka bi ta, jama'a suka ɗauka. In Auta ta ja numfashi a allo, Yaya ta ja. Da ta maimaita amshi, Yaya ta riga ta san za ta maimaita.

Na ce bari in cire abin kunnen nan in ji daɗin waƙar da kunne biyu. Ina cirewa, muryar Auta ta ɗauke ɗif.

Na mayar, ga ta. Na cire, babu.

Ɗan'uwa, minti uku cur mutum ɗari huɗu suna kallon bakin yarinya yana motsi ba sauti. Mai Kurciya ta tura duk sautin cikin bulutut ɗina. Duk cocin nan, ni kaɗai na ji saƙon da 'ya ta aiko wa ubanta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mataki na tara: In za ka yi ƙarya, yi ta a gaban kowa

Waƙa ta ƙare, allo ya koma ruwa da dutse. Baba Fasto ya juyo a kujerarsa, ya nemo ni da ido har can baya.

“Injiniya. Mu bakinta muka gani. Kai kuwa na hango ka kana kuka tun kafin waƙa. Ka ji abin da ta ce?”

“Na ji, Baba. Bari in gyara a maimaita.” Ban san inda ake gyarawa ba.

“Bar na'urar nan. Zo ka faɗa mini.”

Ban taɓa sanin cocinmu yana da tsawo haka ba. Na isa gaba, Sakatariya ta miƙo mini makirufo ba ta dube ni ba. Na tsaya, ƙaton mutum da gemu mai furfura da tumbi, na buɗe baki na ce, “Baba, ni ce Auta.”

Aka fashe da dariya, har baƙin fastoci. Na daure na ci gaba. Da na kai kan takalma, dariyar ta mutu. Baba ya sunkuya ya dubi nasa takalmin. Na faɗi na ɗakin magani. Sai na iso inda ta tsaya.

Yana kallona, yana jiran sauran. Babu saura. Na ji bakina ya ce, “Baba, ni na yi kuskure. Ka yafe mini.”

Tsohon ya rufe fuska da hannu biyu. Mata suka fara shessheƙa. Yaya ta dube ni. Ita da ta karanta bakin Auta tun daga farko, ta san bakin nan bai faɗi haka ba. Ta buɗe baki, ta rufe, ta ɗaga hannu, mawaƙa suka sake ɗaukar amshi.

Mataki na goma: Karɓi sakamakonka

Ran Litinin Sakatariya ta sauke Mai Kurciya ta ɗora Baiwar Allah cikin minti goma sha biyar, ba ta kira taro ba, ba ta nemi shugaban kwamiti ba.

Ran Talata da hantsi ina yankan katuna, sai ga Baba Fasto a ƙofar shago. Na share masa kujera. Ya zauna, ya jingine sandarsa.

“Sakatariya ta sa mini bidiyon a waya,” ya ce. “Na saurara sau uku. Na ji takalma, na ji ɗakin magani. Ban ji inda ta ce in yafe mata ba.”

Na yi tunanin ɗora wa manhajar laifin, ai an riga an kore ta, ba za ta kare kanta ba. Na kasa.

“Ba ta faɗa ba, Baba.”

“Ƙarya ka yi ke nan, a gaban bagade, da makirufo.”

“E, Baba.”

Ya dubi katunan da ke kan teburi. Sannan ya ce, “Ana tashi daga sujada na kira ta. Na ce, Auta, na ji saƙonki, na yafe. Sai na ji ni ma ina cewa ta yafe mini, domin ranar da ta kira tana kuka cewa ba za ta samu zuwa ba, ni na kashe mata waya. Ba wanda ya san wannan. Mun fi sa'a biyu muna magana.” Ya ɗauki sandarsa ya miƙe. “Za ta zo ƙarshen wata mai zuwa. Kai kuma ka tuba. Kada ka sake.”

“Ba zan sake ba, Baba.”

A bakin ƙofa ya waiwayo. “Ta ce in gaishe ka. Ta ce ba ta san tana da gemu ba.”

Gargaɗi da wanke hannu

Duk abin da ya same ka sanadin bin matakan nan, tsakaninka da dattawanku ne, ni ban san ka ba, ban taɓa ganin ka ba. Ban ce kowace ƙarya takan haifi alheri ba. Tawa sa'a ta ci, taka tana iya raba gida, kuma ba kowane coci ne yake da uwar mawaƙar da za ta tsamo ka daga rijiya ba. In allo ya yi baƙi ana tsakiyar ɗaurin aure, in hoton da ka ɗauka a bakin ruwa da gajeren wando ya fito bayan mai wa'azi, in ikkilisiyarku ta wayi gari ta zama wata dabbar, kada ka ambaci sunana, kada ka zo shagona sai in kati za ka buga.

Ran Lahadi kuma kada ka wahalar da wuyanka kana waiwaye baya kana nema na. Kwamiti, wato Yaya, ya yi mini canjin wurin aiki. Ina layi na uku cikin mawaƙa, tsakanin wani kafinta da wani direba, sanye da rigar da ba ta rufe mini ciki. Ranar Larabar farko Yaya ta saurari muryata baiti ɗaya, ta ɗaga hannu, ta ce daga yau in riƙa motsa baki kawai.